Faɗin Faifai da Zurfin Zinariya

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi injin nan na neman ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, wanda masu biɗar zinariya ke yawo da shi a hamada, da kuma wata shawara da dillalai suka cika ba masu saye, watau wai a ƙara kuɗi a ɗauki babban faifai domin a tarar da zinariyar da ke can ƙasa da zurfi.

Cikin watan Afrilu na 2014 labari ya bazu cewa an sami zinariya a Jado, can arewa maso gabashin Nijar, tafiyar kwana da kwanaki daga Agadas. Kafin shekarar ta ƙare aka sami wata a Cibarakatan, kusa da iyakar Aljeriya. Dubban mutane suka ɗunguma, Hausawa da Tubawa da Buzaye, har da mutanen Cadi da na Sudan, waɗanda suka riga kowa sabawa da injin a ƙasarsu. Gwamnatin Nijar ta rufe Jado a 2017, amma sana'ar ba ta mutu ba. Injin kirki kuwa kuɗinsa dubban dalolin Amurka ne. Saboda haka zancen ya shafi har wanda bai taɓa taka hamada ba, kamar uban da aka ce ya sayar da gona, ko Bahaushen Jidda, irin waɗanda suka yi shekaru aru-aru a unguwar Hindawiyya, wanda ƙanensa ya roƙa ya aiko da abin da ya tara. Kafin kuɗi su fita, ya kamata a san abin da faifan ke iyawa.

Abin da ake kira faifai waya ce ta jan ƙarfe da aka nannaɗe, aka rufe da roba, aka ɗaura a bakin sanda. In lantarki ya bi ta cikinta yana sassauyawa, sai ƙarfin maganaɗisu ya fita ya ratsa ƙasa. In ya tarar da ƙarfe, sai ya ta da ɗan lantarki a jikinsa, shi kuma ƙarfen ya mayar da amsa mai rauni ƙwarai, faifan ya karɓa, injin ya yi ƙara a kunnen mai shi. Asalin wannan ilmi binciken Michael Faraday ne na Ingila a 1831.

To, ƙarfin nan tafiya biyu yake yi, zuwa da komowa, kowace kuwa tana cinye shi. In abu ya yi nisan da ya wuce faɗin faifan, aka kuma riɓa nisan sau 2, ƙarfin da ke isa gare shi yakan ragu kamar sau 8, amsar da ke komowa ita ma ta ragu sau 8, watau sau 64 ke nan. Shi ya sa masu sana'ar suke da wani ƙiyasi, cewa abu mai girman kwabo ana jinsa ne a zurfin da bai fi faɗin faifan da yawa ba. Yawancin injuna suna zuwa da faifai mai faɗin inci 10 ko 11. Wanda ya sa mai inci 18 lalle zai ƙara zurfi, amma ƙarin na inci ne, ba na gaba ba, kuma sai in abin da ke ƙasa babba ne. Dillalin da ya ce injinsa na jin gudan zinariya a zurfin rijiya, ko dai bai san kayansa ba, ko kuwa ya raina hankalin mai saye.

Ƙarin zurfin nan kuma ba kyauta ba ne, hasara uku ke biye da shi.

Ta fari, babban faifai yakan wuce ƙanana. Ƙarfinsa a baje yake, saboda haka ƙwayar zinariya mai girman dawa ba ta kama abin da zai sa ta yi amsa. Misalinsa kamar tarun masunci ne mai manyan idanu: in giwan ruwa ya shiga an gode Allah, amma ƙananan kifin da ake cefane da su kullum duk sun zurare. Alhali kuwa a kowane filin zinariya na duniya ƙananan ƙwayoyi su ne masu yawa, manyan curi jefi-jefi ne.

Ta biyu, babban faifai yakan ji ƙasa da yawa. Faifai mai inci 22 ya fi mai inci 11 fili sau 4, duk abin da ke ƙarƙashin filin nan kuwa yana magana a lokaci guda. Zinariya ta saba zama inda akwai tama da marmara da baƙin yashi, waɗannan duka suna sa injin surutu. Ga kuma gwangwanaye da ƙusoshi da kwanson harsashi da mutane suka zubar. Ƙusa guda a sama tana iya rufe muryar zinariyar da ke ƙasa da ita. Wannan matsala tsohuwa ce. A 1881, sa'ad da aka harbi Shugaba James Garfield na Amurka, Alexander Graham Bell ya zo da irin wannan na'ura don ya gano inda harsashin ya tsaya. Na'urar ta yi ta ƙara ba a gane kome ba, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne gadon da aka kwantar da shugaban akwai wayoyin ƙarfe a cikinsa. Mai aiki in surutu ya dame shi yakan rage ƙarfin jin injin, da ya rage kuwa zurfin da ya saya da tsada ya tafi.

Ta uku, nauyi. Faifan a ƙarshen sanda yake, mutum kuwa zai yini yana kaɗa shi dama da hagu cikin rana. In hannu ya gaji sai faifan ya ɗagu daga ƙasa, kowane inci da ya ɗagu an rage shi ne daga zurfin da ake nema.

Akwai labari guda biyu da suka isa abin lura. A 1980, kusa da Kingower a ƙasar Ostareliya, aka sami curin zinariyar da ake kira Hand of Faith, mai nauyin kilo 27, wanda ya shahara a kan shi ne mafi girma da aka taɓa ganowa da wannan inji. Zurfinsa wajen inci 12 ne kacal. Na biyu kuwa yana kusa da mazauna Jidda, watau mahaƙar Mahdu Zahab a lardin Madina, wadda mutanen da suka haƙa tun zamani mai nisa, wani kamfani ya yi aiki a cikinta daga 1939 zuwa 1954, aka kuma sake buɗe ta a 1988. Zinariyar irin wannan wuri a warwatse take cikin dutse, tamkar gari, sai an fasa an niƙa an tace. Masana duwatsu ne ke gano ta da huda ƙasa da awon samfuri. Babu faifan da zai ji ta, kome faɗinsa.

Ba a ce babban faifai ba shi da rana ba. Inda fili ya ke a shimfiɗe, ƙasa ba ta da surutu, an kuma riga an tsince na sama da ƙaramin faifai, an tabbata wurin na ba da manyan curi, to nan ne ya kamata a ɗauko shi, ga shi kuma yana cin fili da sauri. Gwanaye sukan riƙe biyu ko uku, su sauya bisa ga wuri. Kuskuren shi ne mai ƙaramin jari ya zuba dukan abin hannunsa a kansa tun bai iya sauraron injin ba.

Shawarar ke nan ga mai niyyar saye. Ya fara da faifan da injin ya zo da shi, ya koyi daidaita shi da ƙasar wurin. Kada ya yarda da gwajin iska, inda dillali ke wulga zobe a gaban faifai, gama iska ba ta da tama. Ya tona rami a ƙasa irin wadda zai yi aiki a kai, ya binne ɗan gudan zinariya ko darma mai girman wake, ya auna zurfin, sa'an nan ya gwada faifan biyu da hannunsa, domin gani ya kori ji. Ya bincika ko injin na ainihi ne, gama jabu sun yi yawa a kasuwa. Ya kuma san dokar ƙasar da ya ke, domin a Nijar da Nijeriya da Saudiyya ma'adinan ƙarƙashin ƙasa na hukuma ne, haƙarsu sai da izini. Abin da ya rage na kuɗin babban faifai kuwa, a sa shi a ruwan sha da man mota da tayar safaya, su ne ke komo da mutum gida daga hamada.

A nan jawabin ya ƙare. Sai wani mako, in Allah ya yarda.