Ƙurar Ƙarfe: Gubar Da Ƙasa Ba Ta Mantawa

Mutane da yawa suna ɗaukar ƙasar noma a matsayin matacciyar aba, alhali kuwa cike take da rai. Cikin cokali guda na ƙasa mai albarka akwai miliyoyin ƙwayoyin bakteriya. Akwai tana, wadda ke haɗiye ƙasa tana buɗa wa ruwa da iska hanya. Akwai kuma bakteriyar da ke zaune cikin ƙululun saiwar wake da gyaɗa, tana jawo sinadarin nitirojin daga iska ta mayar da shi taki. Waɗannan su ne ma'aikatan gona da ba a biyansu lada, kuma su ne ƙurar ƙarfe ke fara hallakawa.

Ƙurar ƙarfe ita ce ɓarɓashin dalma, tutiya, jan ƙarfe da makamantansu, wanda ke fitowa daga niƙan duwatsun ma'adinai, fasa tsofaffin batura da ƙazamin ruwan masana'antu. Wani ɓarɓashin ido ba ya ganinsa. Ƙanƙantar tasa ce illarsa, domin iska na ɗaukarsa, kuma yana saurin narkewa ya shiga jikin halitta. Idan tana ta haɗiyi irin wannan ƙasa, ƙarfen yakan taru a jikinta, girmanta ya tsaya, haihuwarta ta ragu. Kazar da ta tsince ta kuwa ta gaji gubar.

Babban abin tsoro shi ne ƙarfe ba ya ruɓewa kamar ganye ko kashin shanu. A gonar gwaji ta Woburn da ke Ingila, an riƙa zuba laka daga magudanun birni a matsayin taki daga 1942 zuwa 1961. Sama da shekara 20 bayan an daina, masana suka tarar ƙarafan suna nan, halittun ƙasar sun ragu ƙwarai, bakteriyar saiwa kuma ta kasa samar da nitirojin.

Abin bai tsaya kan tana da bakteriya ba. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Jihar Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. Masu neman zinariya sun riƙa niƙa duwatsu a cikin gidaje, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Maganin asibiti kaɗai bai isa ba: sai da aka kankare saman ƙasar gida-gida, aka binne ta, aka shimfiɗa sabuwa. Garin Bagega bai samu wannan aiki ba sai a 2013.

Wani zai ce talauci ne ke kai mutane haƙar zinariya, kuma gaskiya ne. Amma hana sana'a daban, gyara ta daban. Ana iya niƙa dutse a wajen gari, a jiƙa shi da ruwa don kwantar da ƙura, a wanke jiki kafin a koma gida. Wajibi ne kuma hukuma ta tilasta wa masana'antu tace ruwansu kafin ya isa fadamun lambu.

Malaman kimiyya ma suna da nasu rabon aikin. Ya kamata ɗalibai su haƙa ƙasa da damina, su ƙidaya tanar da ke gonar makaranta, su kwatanta da ta gefen juji. Ɗalibin da ya ga bambancin da idonsa zai gane cewa rigakafi ya fi magani, domin ƙasar da ta sha ƙarfe takan riƙe shi har jikoki.