Jinjina ga Sha'iran Gaya da Ajingi, da Sauran Aikin da Ke Gabansu

Idan watan Maulidi ya kama, lasifika ba ta hutawa a Gaya da Ajingi. Sha'iri na ja, 'yan amshi na karɓa, mai fiyano na gefe yana bin su da yatsu, 'yan Islamiyya sun yi layi cikin anko. Waɗannan bayin Allah sun cancanci jinjina, kuma ba kasafai ake yi musu ita a rubuce ba. Sun ɗauki kayan kiɗan da aka sani da waƙar fim da ta gidan biki, sun sa shi hidimar yabon Manzon Allah (SAW). Yaron da a da bakinsa ba ya rabuwa da waƙar soyayya, yau za ka ji shi a hanyar gona yana rera tarihin Badar da sunayen Sahabbai. Sannunku da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri.

Ba yau aka fara ba. Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, shi ya tsaya wa bandiri har ya zauna da gindinsa a zikirin Ƙadiriyya a Kano. A shekarun 1990 kuma aka sami ƙungiyoyi irin su Ushaƙu Indiya, masu ɗauko karin waƙoƙin finafinan Indiya su zubar da kalmomin su ɗora bege a kai. Masani Brian Larkin ya yi nazari a kansu. Daga baya fiyanon situdiyo ya shigo. Malamai sun yi ta muhawara kan halascin abin, kuma fatawa tasu ce. Ni maganata a kan ingancin aikin take.

Kiristocin Turai ma sun bi irin wannan hanya. A 1722 Bach, Bajamushe, ya tsara wani ɗan gajeren kiɗa na kayan da ake dannawa da yatsu, babu kalma ko ɗaya a cikinsa. A 1859 aka fitar da shi da muryar da Gounod, Bafaranshe, ya ɗora a kai, ya zama waƙar addu'a mai suna Ave Maria. Haka aka yanko wani yanki daga kiɗan fiyanon da Schumann ya rubuta a 1839, aka gyara shi don mawaƙan coci masu murya huɗu. Har gobe sunan Bach yana nan kusa da na Gounod, na Schumann kuma yana cikin littattafan waƙoƙin. Sha'irinmu da ya ari kari, me zai rage shi idan ya faɗi inda ya samo?

Amma babban aikin yana wajen harshe. Hausa tana da hawa da saukar murya, tana da gaɓa doguwa da gajeriya, kuma ma'ana a kansu take tafiya. Karin da aka yanka wa Indiyanci bai san da wannan ba. Sai ka ji sha'iri ya ja gaɓar da ba ta jawuwa, ya haɗiye wadda ya kamata ta fito, don kawai baitin ya shiga cikin kiɗan. A waƙar biki ana iya kawar da kai. A yabon Fiyayyen Halitta, inda ake cuɗa Hausa da Larabci har da sunayen Allah, karya kalma ba ƙaramin abu ba ne. Magabata auna baiti suke yi kafin su rera. Shi ya sa Infiraji ta Aliyu Namangi take zama daram a baki ko babu ganga ko ɗaya. Mutanen Gaya sun fi kowa sanin wannan darasi, tunda tarihin baka ya ce maƙeranta ne, Abagayawa, suka je Dala neman tama: ƙarfen da aka samo daga nesa sai an sa shi a wuta an lanƙwasa shi kafin ya zama fartanya. Karin aro shi ya kamata ya lanƙwasu ya bi kalma.

Sai amshi. A majalisi da yawa ƙarar fiyano ta danne muryoyi, na'urar gyaran murya kuma ta mayar da yara goma kamar mutum ɗaya. A rage sautin, a zauna a horar da 'yan amshi su fitar da haruffa, su san inda ake numfasawa.

Akwai kuma dattawan da suke karanta Ishiriniyyar Alfazazi da Burdar Busiri da karin da suka gada daga malamansu, ba tare da kiɗa ba. Suna ta raguwa, matasa kuma sun fi karkata ga abin da situdiyo ta fitar. Kowane sha'iri yana da waya a aljihu. Kafin Maulidi mai zuwa, ƙungiyoyin sha'irai na ƙananan hukumomin biyu su bi zaurukan Gaya da ƙauyukan Ajingi su naɗi muryoyin nan, su rubuta sunan mai karatu da na malaminsa, su ajiye kwafi a makarantunsu, su kai wani kwafin zuwa cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero.