Ciyayya Da Hakkin Maƙwabci A Cikin Tukunyarmu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako muna so mu yi tsokaci a kan wata al'ada da muka gada, wadda take neman kuɓuce mana, watau ciyayya. A Jega da Aliero da Maiyama, kamar sauran ƙasar Hausa, in an sallame Magariba sai magidantan unguwa su shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan dattijonsu, kowa a fito masa da akushinsa. Wannan tuwon shinkafa da miyar kifi, wancan tuwon dawa da miyar kuka, wani ɗan kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba shi ma ya zauna ya sa hannu, ba mai tambayarsa ina nasa kwanon. Babbar fa'idar ciyayya ke nan, rufin asiri.

Wannan kuwa yana da asali a Sunna. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa Ash'ariyawa, idan abinci ya yi musu ƙaranci, sukan tara abin da ya rage a mayafi guda su raba daidai, har Manzon Allah (S.A.W.) ya yabe su, ya ce shi nasu ne, su nasa ne. Muslim kuma ya ruwaito ya hori Abu Zarri da ya yawaita ruwan romo in ya dafa, don ya sam ma maƙwabta. A lura fa, ruwa aka ce ya ƙara, ba nama ba. Ashe talauci bai zama hanzari ba.

Haka nan mahaɗi, kada a raina shi. Jabir ya ba da labari cewa Annabi ya nemi mahaɗin gurasa a wurin iyalinsa, ba a samu kome ba sai khallu, watau ruwan tsami, ya ci da shi yana yabonsa. To, ina dalilin wanda zai yatsine fuska don an kawo masa miyar sure da daddawar batso, babu tsoka? Daddawa da yaji da gabu da man shanu duk ni'imomin Allah ne. Matar da ta ƙulla wa maƙwabciyarta ɗan yaji mai citta da kanumfari, ko curin daddawar kalwa, ta yi sadaka, domin an hana mata raina kyautar maƙwabtaka ko da kofaton akuya ne. Annabi kuwa bai taɓa kushe abinci ba: in yana so ya ci, in ba ya so ya bari.

Mutanen Aliero, waɗanda Allah Ya azurta da albasa har ana lodinta zuwa Kudu da ƙasashen maƙwabta, sukan tambaye mu hukuncinta. Albasa halal ce. Abin da aka hana shi ne mutum ya ci ta ɗanya, ko tafarnuwa, kana ya shiga masallaci ya cuci jama'a da warinta. Sayyidina Umar ya yi nuni a huɗuba cewa mai son cinsu ya kashe warin da dahuwa. Kuma a mazhabar Imamu Malik babu zakka a kan ita albasar, kamar sauran kayan lambu, sai dai a kan kuɗinta in sun kai nisabi shekara ta kewayo. Amma faɗuwar zakka ba ta kayar da hakkin maƙwabci ba. Abin kunya ne albasa ta ruɓe a rumbu ana jiran tsada, alhali gidan da ke jikin katangarka ana miya babu ko lawashi.

Abubuwa biyu ne suke kashe ciyayya a yau. Na farko keɓewa: ma'aikaci ya gina doguwar katanga, ya ci tuwonsa a ɗaki, ƙanshin suya yana tsallakawa wajen marayun da ba su karya ba. Na biyu gasa: attajiri ya aika da kwano ga attajiri ɗan'uwansa don a mayar masa da wanda ya fi, a tsallake mabukaci. Wannan biki ne, ba sadaka ba. Al'adar kada kwano ya koma wayam tana da kyau, amma in ta zama bashi har talaka yana fargabar a aiko masa, ta tashi daga alheri.

Don haka muna kira da abubuwa uku. A fara da maƙwabcin da ƙofarsa ta fi kusa, kamar yadda aka amsa wa Nana A'isha. Kada a ware baƙo ko wanda ba Musulmi ba, musamman a garin kasuwa irin Jega, domin Abdullahi ɗan Amru ya yanka akuya ya ce a fara kai wa maƙwabcinsa Bayahude. Sannan wanda aka san ba shi da abin mayarwa, a kai masa da dare a asirce, cikin kwanon da ba a jiran dawowarsa.

Allah Ya sa albarka a tukwanenmu, Ya ba mu ikon aiki da abin da muka ji, amin. Wassalamu alaikum.