Ku daina zagin strlen, gaskiya take faɗa muku

Lokacin furojek ya zo, ga wata magana tana ta yawo a guruf: wai yaren C mugu ne, don in ka miƙa wa strlen fointa marar kyau, maimakon ta duba ta rufa maka asiri, sai shirin ya faɗi, allo ya rubuto "Segmentation fault". Ni kam ban yarda ba sam.

Fointa fa adireshi ce kawai, kamar lambar ɗaki a hostal. NULL shi ne a ce babu lamba, wannan ana iya ganewa. To ɗakin da mai shi ya gama makaranta aka ba wani fa? Lambar tana nan daram a ƙofa. Haka fointar da aka riga aka yi wa free take, lafiya lau a ido, amma wurin ba naka ba ne yanzu. Ta yaya strlen za ta sani? Microsoft ma sun gwada da IsBadReadPtr a Windows, yau su da kansu suke cewa kar a yi amfani da ita.

Mu ɗauka ma ta gane NULL ɗin. Me za ta dawo maka da shi? Sifili? Ai ƙarya ke nan. A ce shirin tattara sakamakon jarrabawa ka rubuta, sunan ɗalibi ya ɓace a hanya, strlen ta ce tsawonsa sifili ne, shirin ya ci gaba abinsa ya adana maki babu suna. Wani bawan Allah ya kwashi kariyoba a kwas ɗin da ya ci, ba wanda ya san inda aka samu matsala. Wallahi gara shirin ya faɗi a gabanka, a layin da kuskuren yake.

Za ku ce ai Linux tana dubawa. Ƙwarai, in ka ba read ko write adireshin banza, za ta dawo maka da EFAULT. Amma ita mai gadin ƙofa ce tsakanin shirinka da sauran na'urar, dole ta binciki kowa. Ita kuwa strlen a cikin gidanka take, abin da ka ba ta shi za ta yi aiki da shi. Inda aka yarda da NULL kuma an rubuta, kamar free, tun ƙa'idar C ta 1989.

Saboda haka binciken naka ne. Ka kira malloc ko fopen, duba abin da suka dawo da shi nan take. Ka bi shirinka da Valgrind tun kafin ranar difens, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda bai gamsu ba ya kawo kod ɗinsa mu buɗe tare.