Wanda Ya Tafi, A Karɓe Mukullinsa

Bara da na yi SIWES a wani ofishi, kwana uku da zuwana aka nuna mini kalmar sirrin admin. Tana rubuce a 'yar takarda an liƙa a ƙarƙashin kibod. Da ita oga yake shiga, da ita masu bautar ƙasa suke shiga, ni ma ɗan koyo da ita na shiga. Da na leƙa jerin masu akawun a kan sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kowa, sai ga sunan wani da ya gama hidimarsa ya koma garinsu tun shekara biyu, amma akawun ɗinsa na nan daram. Na yi magana, aka ce da ni: "Kai dai, wa zai damu da mu?"

'Yan'uwa, musamman mu 'yan kimiyyar kwamfuta, wannan tunanin ya kamata mu yar da shi kafin mu karɓi ND ko HND. Gobe mu ne za a damƙa wa sabar asibiti, banki ko makaranta.

A watan Mayun 2021 ɓarayin intanet sun kai hari kan Colonial Pipeline, kamfanin da bututunsa ke kai kusan rabin man da ake amfani da shi a gabar gabashin Amurka. Ta ina suka shiga? Ta wani tsohon akawun na VPN da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, kuma babu abin da ke tsare shi sai kalmar sirri kaɗai. Aka rufe bututun na kwanaki, layin mai ya tashi, kamfanin ya biya kusan dala miliyan 4.4 kuɗin fansa. Idan katafaren kamfani ya faɗi ta wannan ƙofa, ina ga ofishin da kalmar sirrinsa ke ƙarƙashin kibod?

Gyaran ba ya cin kuɗi. Kowa ya samu akawun nasa da sunansa. A Linux, maimakon kowa ya shiga a matsayin root, a ba waɗanda suka cancanta sudo, domin yana rubuta wanda ya ba da umarni da lokacin da ya bayar. Ranar da wani abu ya ɓace, ba sai an yi ta rantse-rantse ba. Sannan a ba kowa ikon da aikinsa ke buƙata kawai: mai shigar da sunaye ba ruwansa da ikon goge fayil. Ranar da mutum ya bar aiki kuwa, ranar za a kulle akawun ɗinsa. A ƙara da mataki na biyu, irin lambar da ake turowa waya.

Na san wani zai ce wannan ɓata lokaci ne, ai duk an san juna. Gaskiya ne, akwai ɗan jinkiri. Amma ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga mai gaskiya. Idan mutum goma ke shiga da suna ɗaya, aka taɓa wani abu, wa za a fara zargi? Ɗan SIWES mana.

Mu ma mu duba kanmu. Mutum nawa a cikinmu suka ba mai kafe kalmar sirrin fotal don rajistar kwas, kuma har yau ba su canza ba? Ƙungiyoyin sassa fa, da tsofaffin shugabanni suka sauka, an canza kalmar sirrin imel da shafin Facebook? Tun 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su.

Don haka ina kira ga ƙungiyarmu ta sa canza kalmomin sirri cikin takardar miƙa mulki, kamar yadda ake miƙa mukullin ofis. Kai kuma, kafin ka kwanta yau, ka shiga fotal ka canza taka.