Fuskar Wanda Aka Zalunta a Majigi

Ran 17 ga watan Yuni, 2021, 'yan bindiga suka auka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, cikin ƙasar Ngaski, suka kwashi ɗalibai da malamai. 'Yan matan da suka rage a hannunsu ba su kuɓuta ba sai a shekarar 2023. Kafin wannan da mako uku, wani jirgin ruwa maƙare da mutane ya kife a Kwara kusa da Wara. Masu ɗaukar hoto sun halarci masifun nan biyu, kuma aikinsu ya yi amfani, gama abin da ido bai gani ba hukuma ba ta cika motsawa a kansa ba.

Amma fa akwai abin dubawa. A watan Agusta, 2022, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci gidan Trust TV tarar Naira miliyan 5 saboda majigin da ya shirya a kan 'yan bindiga, ta kuma ci waɗansu tashoshi irin wannan tara don sun nuna na BBC. Hujjarta ita ce an kambama miyagu. Watau gardamar duka a kan fuskar azzalumi ta tsaya. Fuskar wanda aka zalunta kuwa, ita ce ta fi bukatar mai tsaya mata.

Mai majigi yakan kare kansa da cewa ai sai da ya nemi izini. To, wane irin izini? Uban da 'yarsa ke daji, wanda ya sayar da gona don haɗa kuɗin fansa, ba ya iya ce wa baƙo mai na'ura a'a, don yana zaton wannan baƙon ne hanyarsa zuwa kunnen Gwamna. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Balle tsohuwar Bagungiya ko Bakambara da aka tambaya cikin Hausar da ba harshen uwarta ba ne, ba ta kuma san cewa hoton zai kai Ikko da Ingila, ya daɗe a intanet bayan ranta ba.

Mai ɗauka yakan naɗe kayansa ya koma birni, wataƙila ma har a ba shi lambar yabo. Yarinyar kuwa a nan za ta zauna. Za ta ci kasuwar Yauri, za a zo neman aurenta, kuma kowane yaro mai waya yana iya nuna ta ya ce ga ta nan. Wanda ya wanke mamaci yakan rufa masa asiri; yaya za a bar gawar da aka tsamo daga ruwa a buɗe gaban duniya?

Ba cewa aka yi a daina ɗauka ba. A dusashe fuska, a sauya suna da murya, a nemi tafinta daga cikin mutanen wurin. In an gama haɗa majigin, a komo da shi Wara ko Shanga, masu labarin su fara gani, abin da suka ce a cire kuma a cire.