Filin Ilmi: Me Ke Sa Wata Ya Cika, Ya Kuma Ragu?

A kowace shekara idan azumi ko salla ta matso, sai gardama ta tashi a zangunanmu. Wani ya dubi jinjirin wata ya ce, "Wannan ai na kwana biyu ne, an cuce mu azumi ɗaya." Har akan yi fushi da juna. To, bari mu duba yadda abin yake.

Da fari dai, wata ba shi da hasken kansa. Dunƙulallen dutse ne mai nisan wajen kilomita 384,000 daga nan, hasken rana ne ke dukansa ya dawo mana. Kullum rabinsa da ke fuskantar rana yana cikin haske, ɗaya rabin kuwa yana cikin duhu. Da yake wata yana kewaya duniya, abin da ke sakewa shi ne yawan abin da muke hange na rabin nan mai haske.

Gani ya kori ji. Ku kunna fitila a ɗaki mai duhu, ku riƙe lemo a hannu, ku miƙe hannun sama kaɗan. Fitila ita ce rana, lemo wata, kanku kuwa duniya. In kun fuskanci fitilar, gefen lemon da ke dubanku baƙi ne: duhun wata ke nan. Ku juya hagu a hankali, za ku ga siririn haske a gefen dama, watau jinjiri. In fitila ta koma gefenku, rabi ya haskaka, kamar daren bakwai. In kun ba ta baya, lemo ya haskaka duka, kamar daren sha huɗu. Ku ci gaba da juyawa, sai ya riƙa raguwa.

Saboda haka ba inuwar duniya ke cin wata ba. Inuwar duniya takan faɗa masa ne jifa-jifa, a lokacin da ya cika kaɗai, shi ne husufi, wanda yara ke kaɗa wa gwangwani.

Daga duhun wata zuwa wani duhun kwana 29 ne da rabi. Shi ya sa wata kan yi 29 ko 30, shekararsa kuma ta yi kwana 354, ta gaza ta rana da kamar kwana 11.

Yanzu mu koma ga gardamarmu. Girman jinjiri ya danganta ne ga awoyin da wata ya yi bayan ya gitta tsakanin duniya da rana. In jiya da magariba awa 12 kawai ya yi, ido ba zai gan shi ba, don siriri ne ƙwarai, ga shi dab da rana. Yau kuwa ya kai awa 36, sai ya fito da kauri, ya daɗe bai faɗi ba, alhali daren farko ne da aka gan shi. Kaurinsa ba shaida ba ce cewa an makara.

Abu guda kuma: sabon wata a yamma ake nemansa, bayan faɗuwar rana. Siririn da ake gani a gabas da asuba tsohon wata ne mai bankwana.

Iyaye, a gwada wa yara wasan lemon nan a gida. Sai mun sadu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.